Tsohuwar Bindiga da Kafaɗar Hagu

Maigidana bahago ne, amma in ka faɗa a gabansa zai ce sharri ake yi masa. Da dama yake cin abinci, da dama yake rubutu, da ita yake miƙa gaisuwa. Wata gwaggonsa ce ta yi wannan aikin tun yana ƙarami a garinsu: in an ajiye tuwo sai ta ɗaure masa hannun hagu a baya da gefen zani, har sai da damar ta koyi hanyar baki. Ta yi nasara a kan tuwo da alƙalami, sauran kuwa ta sha kaye. Ni da na zauna da shi shekara talatin da ɗoriya na san hannun da yake ɓare lemo da shi, da wanda yake tare ƙofar bas in ta nemi rufewa, da wanda yake kai wa sauro duka in mun je gida hutu. Kuma da kafaɗar hagu yake harbi.

Harbin nan ba gado ba ne, a London ya same shi. Yana aiki a sashen gidaje na council, wato ƙaramar hukuma, wani Bature abokin aikinsa ya ja shi wata Asabar zuwa wani fili can wajen Kent, inda inji ke cilla ƙananan faya-fayan yumɓu sama mutane suna harbinsu. Na ce masa manya da su, da furfurarsu, sun rasa abin yi sai fasa faranti. Ya dawo kafaɗa ta yi baƙi, baki har kunne, tun daga ranar kuma Asabar ta fita daga hannuna.

Da ya nemi lasisin bindiga ɗan sanda ya zo gidanmu a Woolwich, ya jijjiga akwatin ƙarfen ajiye bindiga da aka kafe a bango ƙarƙashin bene, ya sha shayi, sannan ya nemi ganina ni kaɗai a kicin. Ya tambaye ni ko maigidan yana da zafin hannu. Na ce zafin baki dai. Kafin ya tafi ya gargaɗe ni cewa doka ba ta yarda in san inda makullin akwatin yake ba. Ni da na san inda kowace safa take a gidan nan, sai ga ni ina shara ina kawar da kai daga wasu wurare, don kada in yi tuntuɓe da abin da zai ja wa mijina magana.

Shekaru aka yi haka lafiya ƙalau, yana harbi da wata bindiga mai baki biyu wadda ba ta da rigima. Sai wani dattijo cikin abokan harbinsa ya rasu, matarsa ta ce a zo a raba ta da kayan da ke akwatinsa. A nan Alhajin nawa ya ɗauko wata tsohuwar bindiga. Baki ɗaya gare ta, ga wani ƙusumbi a bayanta, katakonta ya yi duhu saboda hannayen da suka riƙe shi, tana warin tsohon mai. Ya ce mai ɗana kanta ce: in ka harba sai bututun da kansa ya ja da baya da ƙarfi, ya tofar da kwanson, ya dawo ya cusa wani harsashin. Yana yi mini bayanin yana jin daɗi, ya ce duka biyu take yi wa kafaɗa, ɗaya a tafiya ɗaya a dawowa. Marigayin ya daɗe bai harba ta ba, matar kuma ba ta san komai a kanta ba, ko shekarar da aka ƙera ta.

Bai kai ga harba ta ba ya faɗi a kasuwar Woolwich. Muna tsaye gaban mai attaruhu, yana yi mini tsiyar cewa na fiye zaɓe, sai na ji shiru. Na juya na gan shi yana sulalewa a jikin teburin, ledar doya na hannunsa bai sake ta ba. A asibiti aka ce zuciyarsa ce take jinkiri, wani lokaci ma ta ɗan tsaya, za a sa masa wata 'yar na'ura mai batir a ƙarƙashin fata, da siririyar waya da za ta shiga har cikin zuciyar ta riƙa tunatar da ita.

Ana shirin shiga da shi wata nas ta zo da tambayoyinta. Ta tambayi magungunan da yake sha, ta tambayi abin da jikinsa ba ya so, sannan ta tambaye shi da wanne hannu yake aiki. Ya ce dama. Ina zaune a gefen gadon, na ji, ban ga abin gyara ba. Wace mace ce za ta buɗe baki gaban baƙuwa ta ce mijinta bahago ne? Mu biyun ba wanda ya san dalilin tambayar. Ashe a gefen da mutum ba ya aiki da shi suke sakawa. Ya fito da ɗinki a ƙirjin hagu, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya, da wani ɗan tudu kamar an cusa masa kwalin ashana a ƙarƙashin fata.

Sai da muka koma a duba ɗinkin na gane abin da ya faru. Alhaji ya tambayi likita yaushe zai iya komawa filin harbi. Likitan ya ce in ya warke ba laifi, tunda dai a dama yake ɗora bindiga. Hagun ne ba a so komai ya buga, don bugu mai ƙarfi a wurin zai iya gusar da wayar ko ya lalata ta. Na dubi Alhaji ina jiran ya yi magana, shi kuwa ya gyaɗa kai ya yi godiya, har da tambayar likitan lafiyar iyali.

A bas na kasa haƙuri.

"Alhaji, me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"In gaya masa me?"

"Daidai inda aka sa maka abin nan, nan gindin bindigar yake zama. Ni nake shafa maka man zafi a wurin, ba labari aka ba ni ba."

"To sai in koma dama. Wanda ya koyi cin tuwo da ita, harbi ne zai gagare shi?"

"Tuwo ba ya tashi sama ba zato."

Ya juya yana kallon titi. Na san wannan shirun nasa, ba na wanda ya yarda ba ne.

Abin da ya cece ni a watannin da suka biyo baya shi ne taurin kansa. Ya sayar da mai baki biyun, ya ce shi da tsohuwar zai koma fili, amma ba zai harba ta ba sai ya san shekarunta. Akwai dalili na zahiri. Wani maƙerin bindigogi ya gaya masa ta waya cewa irinta na da can, waɗanda aka yi kafin yaƙin duniya na biyu, gurbin harsashinsu gajere ne, in ka cusa musu dogon harsashin zamani ka nemi fitina da fuskarka. Ya ce akwai tambari a jikin bututun da zai nuna, milimita sittin da biyar in gajere ne, saba'in in dogo ne, da wani ɗan harafi na shekara. In bai gani ba ya kawo a auna. Alhaji ya ce ba wanda zai auna masa, shi zai gano da kansa.

Akwai kuma dalilin da bai faɗa ba. Shi kansa bai san shekarar da aka haife shi ba. Fasfonsa ya ce ɗaya ga Janairu, kamar na rabin tsararrakinsa. Mahaifiyarsa ta ce shekarar da rijiyar ƙofar gidansu ta rufta ne, yayansa ya ce ƙarya ne, rijiyar ta rufta yana rarrafe. Mutumin da ya kwana asibiti ana tambayarsa ranar haihuwa safe da yamma yana ba da amsar da ya san ƙirƙira ce, sai ga shi da wani abu a gida wanda aka buga wa shekararsa a jiki da ƙarfe. Ya ƙwallafa rai cewa sa'arsa ce. Ya ce yana ji a jikinsa shekara ɗaya suka zo duniya.

Teburin cin abincinmu ya koma wurin aikinsa. Bayan azahar sai ya shimfiɗa tsohon tawul, ya kwance katakon da ke ƙarƙashin bututun, ya jera ƙarafa, ya sa tabarau a kan tabarau, ga madubin ƙara girma a hannu. An ƙera ta a Beljiyam, wannan a rubuce yake ƙarara. Sauran kuwa ƙananan tambura ne kamar sawun kiyashi: wani zaki a tsaye, wani kambi, tauraro a kan harafi. Lambar da ke cikinta ya samu, amma ya ce masana'antar ta sha sake lissafi, lamba ɗaya tana iya faɗawa zamani biyu. Wurin da ya fi bukata kuma, inda aka buga tsawon gurbin da harafin shekarar, tsatsa ta taɓa ci an goge, ya shafe sai inuwa. Idonsa na dama kuma ga yanar ido ta fara rufe shi. Yana ta aika hotuna ga wasu tsofaffi a intanet, wannan ya ce kaza, wancan ya ƙaryata shi.

Ni kuwa ina kicin ina addu'ar kada a gano. Ban ɓoye wa Ubangijina ba, a sujada nake faɗa: Allah Ka ƙara shafe tambarin nan. In ya kira ni in zo in ga wani abu sai in ce hannuna da manja. Na koyi yi masa tambayoyin da za su ƙara masa aiki. Ka tabbata bututun nata ne na asali? Ba a taɓa canza mata shi ba? Sai ya ce kai, Hajiya, kin kawo magana, ya ƙara mako biyu a kai. Kullum in zai sa riga ina ganin ɗan tudun nan a ƙirjinsa, fatar wurin tana sheƙi. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum jin gishiri a miya.

Wata ranar Talata ya dawo daga Kent da kwalin harsasai a jaka.

"Na yi booking, na kama wuri a filin harbi. Asabar ta sama."

"Ka gano shekarar ne?"

"Na gaji, Hajiya. Duk alamu sun nuna sa'ata ce. In sa'ata ce kuwa, dogon gurbi gare ta."

Na dubi kwalin. Wata da watanni ina jin karatun nan ta ƙofar kicin, na san abin da saba'in ɗin da ke jikinsa yake nufi. Ban shirya wa wannan ba. Ina zaton muddin tambarin bai fito ba bindigar tana akwati, ashe rashin fitowarsa ma hanya ce. Yanzu abu biyu ne a kaina, ƙirjinsa da fuskarsa.

Na ce ya kwance katakon. Na hau sama na ɗauko farar hodata, na lakata da ɗan yatsa na murza a kan wurin da ya shafe, na hure, na share saman da gefen mayafi. Haka kakata take yi wa tsohuwar tasar ƙarfe in tana son zanenta ya fito. Na kai bututun bakin taga. Idona garau yake, har yau ni nake zura wa gidan nan zare a allura. Farin ya zauna a cikin ramukan, sai ga lambobi sun fito sirara, shida da biyar, a cikin wani zane mai kama da takalmin doki. Gefe kaɗan ga wani ɗan harafi mai lanƙwasa.

Na daɗe a tsaye ina kallonsu. In na ce ban ga komai ba, zai tafi da dogon harsashi. In na faɗa, na buɗe masa ƙofar da nake ta tokarewa. Yana bayana, ina jin numfashinsa a wuyana.

"Sittin da biyar ne," na ce. "Ba sa'arka ba ce."

Na zana masa harafin a bayan ambulan, ya duba a jadawalin da ya tara, ya sake dubawa. An yi ta tun kafin yaƙin. Ya zauna, na ga abin ya taɓa shi, sai kuma ya fashe da dariya ya ce ashe sa'ar babansa ce yake ta yi wa rashin kunya. Daga ranar ya koma kiranta Gwaggo. Ya mayar da dogayen harsasan, ya sa aka nemo masa gajeru, ya kai wa maƙerin ya tabbatar ta lafiya. Ya ce wa duk wanda ya kira waya matarsa ce ta gano, yana alfahari da ni, ni kuma kamar in yi kuka.

Ya yi mini alkawari a kan dama zai harba, har da cewa in Allah Ya yarda. Ya riƙa gwaji a zaure gaban madubi da sandar goge ƙasa: ƙafar hagu gaba, sanda a kafaɗar dama, kumatu a jikinta. Yana yi daidai muddin yana tunani. Amma ranar Alhamis mai kawo saƙo ya danna ƙararrawa yana tsaka da yi, ya zabura ya juya, na ga sandar ta koma hagu ba tare da ya sani ba. Na gani, shi bai gani ba. Da na gaya masa ya ce sharrin ido ne.

Ranar Asabar na ce da ni za a je. Ban taɓa zuwa ba duk shekarun nan. Muka bi babbar hanyar Kent, muka ratse ta wani siririn titi tsakanin gonaki, har wani daji mai laka da 'yar bukkar katako inda ake sayar da shayi. Tun daga wurin ajiye mota nake jin ƙarar, tana zuwa bibbiyu. Aka ba ni abin toshe kunne da tabarau, na ɗora a kan mayafi. Abokin nan nasa na council, wanda ya fara kawo shi, shi ne zai danna masa injin. Ya gaishe ni da fara'a ya ce yau Alhaji ya zo da mai sa ido. Shi ma bai san komai game da kafaɗar ba, ya ɗauka sauyin hannun saboda ido ne.

Wurin tsayuwar wani ɗan keji ne na katako, buɗe ta gaba. Aka ce in tsaya baya da layi. Mutane suka taru kallon tsohuwar, ana shafa ƙusumbinta ana tambayar shekarunta, Alhaji yana amsawa kamar shi ya ƙera ta. Ya sa harsashi biyu, ya danna wani maɓalli, ƙarfen ya rufe da wata ƙara mai nauyi. Ya yi bisimilla a hankali, na ga leɓensa. Ya sa ƙafar hagu gaba, ya ɗora ta a dama, ya ba da umarni.

Faifan ya fito daga cikin itatuwa, launinsa ruwan lemo, yana shawagi. Ƙarar ta tashi, bututun ya ja baya ya dawo, jan kwanso ya yi tsalle gefe, kafaɗarsa ta girgiza har hularsa ta karkace. Faifan ya wuce abinsa ya sauka a ciyawa lafiya lau. Na sauke ajiyar zuciya. Na biyu ma haka. Ya sake ɗurawa, ya sake kuskurewa. Idon daman nan mai yana ba ya nuna masa komai, hannun daman kuma jan kunamar bindigar yake yi kamar mai jan akuya. Mutumin da aka ce mini ba ya kuskure sau biyu a jere, ga shi yana ta harbin sararin Allah, ni kuma kowane faifai ya tsira sai in ce alhamdu lillahi a zuciyata.

'Yan kallon suka fara ba da shawara cikin ladabi irin nasu, wanda ya fi zagi ciwo. Wani ya ce yana bayan faifan, wani ya ce tsofaffin bindigogi sai a hankali. Na ga bayan wuyan Alhaji ya jiƙe duk da sanyin. Ya daina waiwayowa yana yi mini murmushi. Kwalin ya kusa ƙarewa, na fara lissafin cewa za mu tsira, mu koma gida da kunya kawai, kunya kuwa na iya dafa mata shayi.

Sai abokin ya ce bari a canza masa inji, ko wanda ke fitowa ta ɗaya gefen zai fi masa sauƙi. Alhaji ya sauke bindigar zuwa ƙugu yana gyara tsayuwa, ya ce to, yana nufin ya yarda a canza. Abokin ya ɗauka umarni ne, ya danna. Faifan ya fito da gudu ƙasa-ƙasa, ba wanda ya shirya masa.

Ƙafarsa na fara gani. Damar ta zame gaba, jikinsa ya juya, hannayen suka yi musaya a kan katakon cikin sauƙin da ban ga ya yi komai da shi ba duk ranar. Gindin bindigar ya hau hagu ya zauna daidai kan tudun.

Na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda tun da aka kai ni gidansa bai taɓa fita daga bakina ba, na ƙwala shi a dajin Turawa da iyakar muryata. Tare suka fita da ƙarar. Faifan ya tarwatse ya zama hayaƙi, kwanson ya gifta ta gaban fuskarsa, mutane suka ɗauki tafi.

Ya juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun muna da ƙuruciya, duk haƙoransa a waje, ido yana ƙyalli. Sai ya ga tawa. Ya dubi bindigar, ya dubi kafaɗar da take kai. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa. Ya cire sauran harsashin, ya jingine ta, ya sa tafin hannu a ƙirji kamar mai gaida babba.

"Ba abin da nake ji," ya ce. "Wallahi ba abin da nake ji, Hajiya."

Na karɓi makullin motar. Ni ba na son tuƙi a babbar hanya, amma ranar ban tuna ba. Ba mu yi nisa ba shaƙuwa ta kama shi. Ba irin wadda ruwa ke kashewa ba ce, a jere take zuwa, tazara ɗaya, cikinsa yana zabura ta gefen hagu kamar ana tsunkulinsa daga ciki. Ya sha ruwa, ya riƙe numfashi, ba ta tsaya ba. Ni na girma ina jin tsofaffi in sun fito daga ɗakin mara lafiya suna rage murya su ce shaƙuwa ta fara. Na ƙanƙame sitiyari ina karanta duk abin da ya zo bakina, ayoyin suna shiga cikin juna.

Na nufi asibiti kai tsaye, ya ce a'a, gida tukuna. Ba a barin bindiga a mota a wurin ajiye motocin asibiti, in aka sace ta ya shiga uku da hukuma. Na yi faɗa, na yi magiya, ya ce minti nawa ne. Muka shiga gida, ya tsaya a zaure yana dafe da bango, launin fuskarsa ya koma toka-toka, ya ce in juya baya zai ɗauko makulli.

"Alhaji, yau ma?"

"Doka ce. Juya."

Na juya na fuskanci ƙofa. Ina kallon fentin da ya ɗan ɓare kusa da ramin wasiƙa, ina sauraron takunsa yana hawa bene, shaƙuwar tana bin sa mataki-mataki. Ta yi nisa, na daina jin ta. Ban san tsawon shirun ba. Abin da nake jira kawai shi ne ƙarar faɗuwar mutum a kan katako, har na ɗaga ƙafa zan karya dokar sai na ji shaƙuwar tana saukowa. Ƙofar ƙarfen ta buɗe, ta rufe. Ya sake hawa ya mayar da makullin, sannan ya ce mu tafi.

A asibiti ba su bar mu mun zauna layi ba. Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi, wani ya ɗora masa wani abu a kan tudun yana kallon allo, ya danna wasu maɓallai, shaƙuwar ta tsaya cak. Aka ɗauki hoton ƙirjin. Wurin ya kumbura ya yi ja, shatin gindin bindigar ya fito a fatar. Can sai ga likitar zuciya, wata mace mai sanyin murya, ta ja kujera ta zauna. Ta ce na'urar ba ta fashe ba, amma wayar ta gusa daga mazauninta, shi ya sa take zungurar abin da ba shi aka aike ta ba. Ta ce ya yi sa'a da bai faɗi a hanya ba. Za a kwantar da shi, a sake buɗe wurin a gyara. Ta tambayi yadda aka yi, ya gaya mata gaskiya duka, har da gwaggonsa da gefen zani.

Na ɗauka shi ke nan, ya ji tsoro, an gama. Har na fara tunanin wanda za a kira ya zo ya ɗauki tsohuwar. Sai na ji ya gyara murya.

"Likita, tunda dai buɗewa za a yi, ba za a iya mayar da ita dama ba?"

Na dube shi. Yana kwance da rigar asibiti, ga wayoyi ko'ina, leɓensa a bushe, amma wannan ƙyallin da na gani a filin bai gama barin idonsa ba.

Likitar ta ce ana yi, amma aiki ne da ya fi wannan girma, sabon yanka ne a wani gefen da sabuwar hanya zuwa zuciya, kuma kowane ƙarin aiki da haɗarinsa. Ta ce abin da ya fi sauƙi shi ne a gyara ta inda take, shi kuma ya haƙura da harbi. Sai ta juyo gare ni ta tambayi abin da na gani, tunda ni nake zaune da shi.

Ina so in ce a bar ta a hagu, a rubuta wa 'yan sanda su zo su kwashe akwatin da abin da ke cikinsa. Ina tsoron yankan, ina tsoron ya shiga ɗakin nan a fito mini da labari. Amma na ga ƙafar nan tana zamewa gaba ba da izininsa ba, kuma na san ko rantsuwa ya yi mini yau, wata Asabar ɗin zan neme shi in rasa.

Na ce, "A mayar masa, likita. Ko an bar ta a nan sai ya sake harbawa, ni kuma ba zan iya sake tsayawa a bayansa ina kallon kafaɗar nan ba."